Ɗigon Ruwa Mai Cinye Jarin Ɗan Kasuwa: Yadda A Ke Gano Yoyon Lagireto

Mun saba kawo muku farashin shinkafa da albasa da gero da kifi, da kuɗin lodi daga wannan kasuwa zuwa waccan. Yau kuwa za mu ɗan ratse mu leƙa ƙarƙashin bonet. Kada wani ya ce mi ya haɗa takardar kasuwa da aikin bakanike. To, ai buhu ba ya da ƙafa. Duk kayan da mu ke rubuta farashinsu mota ce ta ke ɗauko su, kuma ranar da ta tsaya a daji tana huci, farashin da ka karanta bai amfane ka da komi ba.

ABIN DA YA FARU A GABANMU

A bazarar da ta wuce munka biyo wata kanta daga Argungu, an yi mata lodin shinkafa shanshera za a kai casa Birnin Kebbi. Tafiyar kamar kilomita 50 ce. Tun a tasha munka ga karen mota yana ɗura wa lagireto ruwa, har galan guda ya ƙare. Munka ce wa direba, "Direba, lafiya dai?" Ya ce, "Lahiya lau, Malam. Halinta na, kullum sai ta sha."

Ba mu kai Ambursa ba sai da anka tsaya anka ƙara mata. Da munka doshi Gwadangaji allurar zafi ta hau ja. Direba ya dubi allura, ya dubi hanya, ya ce ai an iso, bari a lallaɓa. Ba a yi nisa ba inji ya rage ƙarfi, ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, sa'an nan ya mutu. Tururi ya turnuƙe gaban mota.

Da anka ja ta zuwa gareji, abin da bakanike ya nuna mana shi ne tsaga a bakin tiyon ƙasa, tsawonta bai fi farce ba. Wani tsohon kilif mai tsatsa ne ya ci robar. Amma kafin nan gaskit ya ƙone, tof ya karkace. Mota ta kwana tara a gareji. Mai shinkafa ya biya lebura sau biyu, ya biya wata motar. Mai mota ya biya gyara, ya rasa lodin kwana tara cikin tsakiyar kakar shinkafar rani. Kilif ɗin da ya jawo duk wannan kuwa, kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo da nama ba.

Dalili ke nan da munka ga ya kamata mu tattaro muku bayani a kan wanga al'amari.

AIKIN RUWA A CIKIN INJI

Man da mota ke sha, kamar kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Kashi ɗaya yana fita ta salansa. Ragowar kashi ɗayan zafi ne da ke maƙale wa jikin inji, kuma ruwa ne a ke dogara da shi ya kwashe shi. Famfon ruwa, wanda a gareji a ke kira watafam, shi ke tura ruwan ya zagaya cikin ramukan bulo da tof, ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A can ya ke bin siraran bututu, iskar tafiya da ta fanka su huce shi, kana ya koma inji ta tiyon ƙasa. A bakin hanyar akwai wata 'yar ƙofa mai suna tamostat, wadda ke rufe sa'ad da inji ke sanyi, ta buɗe in zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar.

Abin lura a nan shi ne, rufaffiyar hanya ce. Ruwan ba ƙonewa ya ke yi kamar fetur ba. Ƙaramar mota tana ɗaukar kamar lita 5 zuwa 8, kuma in komi lafiya ya ke, sai ka yi watanni ba ka ƙara ko kofi guda ba. Saboda haka maganar wai "halinta ne" ba ta da tushe. Ruwa ba ya tsami banza. Motar da a ke ƙara wa ruwa kowace safiya tana da ƙofar da ya ke fita, ko an gan ta ko ba a gan ta ba.

Sa'an nan ga murfin lagireto, wanda mutane da dama su ka raina. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfin yana da sifirin da roba da ke danne ruwan, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a bayansa. Wannan dannewa ita ke hana ruwa tafasa sai ya kai kusan digiri 120. Da zarar an sami huda ko da ta allura ce, dannewar ta tafi, ruwa ya riƙa tafasa da wuri. Watau yoyo ɓarna biyu ya ke yi: ya rage ruwan, kuma ya rage wa wanda ya saura ƙarfin jure zafi.

Ga wani ɗan lissafi. Ɗigo 20 a kimance ke cika mililita guda. In mota na zubar da ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, cikin awa guda ta zubar da mililita 180, cikin awa biyar da rabi ta zubar da lita. Wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Kamba ko Yawuri ya dawo, ya tsaya nan ya tsaya can inji na aiki, sai ya yi wa kansa hisabi.

ƘASARMU DA LAGIRETO

Kwarin Rima wuri ne mai gwada inji. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi ya kan haura digiri 40, kuma lokacin ne albasar Aliero ke fita, shinkafar rani ta biyo baya, motoci ba hutu. Tun daga Nuwamba 2015, da anka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan Jihar Kebbi, da kuma 2017 da anka buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu, hanyar da ta ratsa Gwadangaji ta ga nauyin da ba ta saba gani ba. Lodi ya wuce kima, tafiya a giya ta ƙasa cikin yashin fadama, iska ba ta shiga lagireto sosai.

Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin shinkafa a wurin sussuka da casa. Su kan liƙe tsakanin haƙoran lagireto kamar an yaɓa laka. Ga kuma ruwan da mu ke zubawa: na rijiya mai gishiri-gishiri, ko na gulbi mai laka. Na rijiya yana barin farin dafi a cikin bututu, irin wanda ka ke gani a gindin butar shayi. Na gulbi yana kwantar da taɓo. Dukansu suna kawo tsatsa, tsatsa kuwa ita ke cin ƙarfe daga ciki har ta ɓullo waje.

Motocin ma sun sake. Dattawan direbobi sun tuna zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda anka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Lagiretonsu na tagulla ne, in ya fashe mai gyara ya liƙe da dalma, ka kama hanya. Volkswagen Beetle da anka riƙa haɗawa a Ikko ma ba ta da lagireto sam, iska ke huce ta. Amma Golf da Sharan da Sienna da Hiace da ke cika tasha yanzu, lagireton akasarinsu na sanholo ne, da tankin roba sama da ƙasa ko gefe da gefe. Ba shi da nauyi, yana huce ruwa da kyau, sai dai robar in ta tsufa ta kan yi gautsi ta tsage. Yawancin motocin kuwa sun riga sun ci shekarunsu a Turai ko Amurka kafin su iso mu.

ALAMUN DA ZA KA FARA GANI

Na farko, ruwa yana raguwa a 'yar tankin roba da ke gefen lagireto, wadda ke da zane biyu, na sama da na ƙasa. Na biyu, allurar zafi tana wuce inda ta saba tsayawa, musamman a hawa, ko cikin cunkoson kasuwa, ko in an kunna na'urar sanyi. Na uku, jiƙa a ƙasa inda mota ta kwana. Na huɗu, wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in ana amfani da ruwan kanti mai launi, wanda a ke kira kulan. Na biyar, ƙarar ɓulɓul bayan an kashe inji.

A kula da wani abu guda. In ruwa ya ƙare ƙaf, allura ta kan iya sauka ƙasa, don abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa kuma. Direba sai ya ce Alhamdu lillahi ta huce, alhali kuwa inji na can yana gasuwa. Allurar da ta hau ja ta sauko haka kawai, ba a tsaya ba, ba a yi komi ba, abin tsoro ce.

Kuma ba kowane ɗigo ne yoyo ba. Motar da ke da na'urar sanyi ta kan zubar da ruwa fari tas, mai sanyi, ba wari, a ƙasa wajen kujerar gaba. Wannan ba laifi.

YADDA A KE BIN SAWUN YOYO

A fara da safe inji na sanyi. Kada a kuskura a buɗe murfi inji na zafi. Tun da dare sai a ajiye mota a wuri busasshe, a shimfiɗa kwali ko buhun siminti a ƙarƙashin inji. Da safe wurin da ya jiƙe zai nuna maka ɓangaren da za ka fara dubawa. Amma ka tuna ruwa gangarowa ya ke yi, kuma fanka na watsa shi. Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban. Ka bi sawunsa sama har ka kai wuri mafi tsawo da ke da jiƙa. In ruwan ya bushe ya kan bar shaida: farin gari-gari, ko kore, ko ja, ko zanen tsatsa. Inji mai dauɗa ba ya nuna sawu, don haka a wanke shi tukuna, ya bushe, a riƙe tocila mai haske.

Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tiyo da kilif. Nan ne yoyo ya fi yawa, kuma nan ne ya fi arahar gyara. Ka matsa kowane tiyo da hannu. In ya yi tauri kamar icce, ko ya yi laushi kamar ɗanyen ƙulli, ko ya kumbura kusa da baki, kwanansa ya ƙare. Tiyon da baƙin mai ke ɗiga a kansa ya fi saurin lalacewa. Ka duba ƙarƙashinsa da bayansa, kada ka tsaya ga fuskar da ido ke gani. Kada ka manta da ƙananan tiyo da ke bi bayan inji zuwa cikin mota.

Lagireto. A duba inda tankin roba ya haɗu da sanholo, da wuyan da murfi ke zama, da bakin da tiyo ke shiga, da kusurwoyin ƙasa, da 'yar ƙusar da a ke kwancewa a zubar da ruwa. A duba fuskar gaba ko tsakuwa ta doke ta. Wurin da ƙura ta liƙe ta yi duhu alhali sauran jiki a bushe ya ke, akwai damshi a nan.

Murfi. Ka juya shi ka dubi robar. In ta tsage ko ta taurare, ko sifirin ya saki, ruwa zai riƙa tserewa ta tiyon ambaliya a kan tafiya, ka tsaya ka duba ba ka ga komi ba. Motoci da yawa an sake musu lagireto sabo, ciwon bai tafi ba, ashe murfi ne. In za ka saya, ka sayi mai lamba daidai da ta asali. Tsumma da leda ba murfi ba ne.

Watafam. A ƙarƙashin wuyansa akwai wata 'yar huda da masu ƙira su ka bari da gangan. In robar ciki ta mutu, ta nan ruwa ke fara tsiyaya, ya bar zane. Inji na kashe, ka kama fule ka girgiza. In yana motsi, ko yana gurnani sa'ad da inji ke aiki, a sake shi. A wasu motoci famfon yana ɓoye bayan murfin taimin bel, sai dai ka ga ruwa na sauka daga gindin murfin.

Gidan tamostat. Shi ma yana da gaskit ko zoben roba, kuma a motocin yanzu sau da yawa gidan kansa na roba ne, ya kan karkace ko ya tsage.

Toshe-toshen bulo. A gefen bulo da bayansa akwai wasu faya-fayan ƙarfe masu kama da kwabo, an dasa su sun toshe ramuka. Motar da ta shekara tana shan ruwan rijiya, su ne tsatsa ke fara hudawa.

Hita. Ƙaramin lagireto ne a ɓoye bayan dashbod, wanda ke ɗumama cikin mota. In shimfiɗar ƙafar gaba tana jiƙewa, ko gilashin gaba yana yin hazo mai maiƙo daga ciki, shi ne. Da ya ke ba mu cika bukatarsa ba sai cikin hunturu, bakanike ya kan haɗe tiyonsa biyu a waje a huta.

In an duba a sanyi ba a gani ba, sai a cika ruwa, a rufe, a tada inji ya yi zafi, a tsaya ana kallo. Wata tsagar ba ta buɗewa sai da zafi. A nisantar da hannu da hannun riga da rawani daga fanka da bel. Fankar lantarki ta kan tashi da kanta ko inji na kashe. A nan ne kuma za a tabbata fankar tana tashi sa'ad da ya kamata, don fiyus ko rile da ya mutu ya kan sa ruwa ya tafasa ya zube, a ɗora wa yoyo laifin da ba nasa ba.

GWAJIN FAMFO

Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce gwajin famfo. Wani ɗan famfon hannu ne mai agogo, a ɗaura shi a wuyan lagireto inji na sanyi, a buga iska har allura ta kai lambar da ke kan murfi, kada a wuce. Sai a jira kamar minti 15. In allura ta tsaya cak, hanya a rufe ta ke. In tana sauka, akwai ƙofa, kuma yawanci za ka ga ruwa na tsartuwa ko ka ji shi yana tsiii, ba tare da kowa ya ƙone ba. Da shi a ke gwada murfin ma. Akwai kuma wani launi da a ke zubawa cikin ruwan, a yi tafiya kwana ɗaya ko biyu, a haska da tocila ta musamman cikin duhu, sawun yoyo ya fito yana ƙyalli.

Masu gyaran lagireto suna da tasu tsohuwar dabara, mai kyau ce kuwa: su ciro shi, su toshe bakunansa, su nutsa shi cikin rabin ganga na ruwa, su hura iska, inda kumfa ya taso nan ne hudar, kamar yadda mai faci ke yi wa tayar keke.

Muna kira ga shugabannin gareji na Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu da Jega, garejin da ba shi da famfon gwaji a haɗa kuɗi a saya. Kai kuma mai mota, kafin ka yarda a kwance maka tof, ka ce a gwada a gabanka.

YOYON DA BA YA SAUKA ƘASA

In allurar gwaji tana sauka amma waje a bushe, to, ruwan ciki ya ke shiga. Wannan shi ne babba. Tsakanin bulo da tof akwai gaskit da ya raba hanyar ruwa da ta baƙin mai da ɗakin wuta. In ya ƙone, ko tof ya tsage, sai su gauraya. Ga alamunsa:

Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. Ɗan tururin safiyar hunturu da ke ɓacewa bayan 'yan mintoci ba shi a ke nufi ba.

Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfin mai, ko ka ga mai yana ƙaruwa ba ka ƙara ba.

Kumfa na tasowa ba fasawa a wuyan lagireto in an tada inji daga sanyi murfi a buɗe, ko tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba.

Inji na rawa da safe kafin ya daidaita, kuma in an kwance fulogi a ga ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi, sauran da baƙi.

Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da a ke ɗorawa a wuyan lagireto. In hayaƙin inji na shiga ruwa, sai ya juye rawaya a injin fetur, ko kore a na dizal. Mota mai giyar otomatik kuma tana da bututun man giya a cikin lagireto. In ya fashe za ka ga mai yana yawo a kan ruwa, man giya kuma ya yi kamar kindirmo mai ja. Irin wagga mota ba a ƙara tuƙa ta sai an gyara.

In an tabbata gaskit ne, kada a tsaya ga sake shi kawai. A kai tof a auna, in ya karkace a goge fuskarsa da inji. A ɗaure ƙusoshi bi da bi da sifanar awo. Kuma a nemo abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko, in ba haka ba sabon gaskit zai bi tsohon.

IN TA RITSA DA KAI A HANYA

Da ka ga allura ta doshi ja, kashe na'urar sanyi, ka gangara gefe, ka kashe inji. "An kusa" ita ce kalmar da ta fi cika gareji. Ka ɗaga bonet ka jira, rabin awa ko fiye. Kada ka sheƙa ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko cikinsa, tof zai iya tsagewa. In ya huce, ka rufe murfi da tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna, fuskarka a gefe. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan ganganci. In tsautsayi ya faru, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20, kada a shafa baƙin mai ko man goge baki ko ƙwai, a kai shi asibiti.

Tiyon da ya tsage kusa da baki, a yanke wurin a ja shi gaba a ɗaure. Wanda ya tsage a tsakiya, a naɗe shi da robar tayar keke a ɗaure da waya, a sassauta murfi zuwa maƙalinsa na farko don kada ruwa ya matsu, a tafi sannu ana tsayawa ana ƙari. Wannan na isa gari ne kawai. Masu zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono ko sabulu a lagireto, gaskiya ne wani lokaci hudar ta kan toshe, amma abin bai san huda da bututu ba, duk inda ya samu toshewa ya ke yi. Maganin toshe yoyo na kanti ma haka, in an yawaita. Sauri ya kan haifi nawa.

Cire tamostat kuma, da makanikai da yawa ke yi wai don ƙasarmu da zafi, ba ya maganin yoyo. Inji ya kan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin ringi. Tun da anka janye tallafin fetur a Mayu 2023, wanda ke sayen mai da kuɗinsa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. In tamostat ya maƙale, a sake shi da sabo.

RUWAN DA YA KAMATA A ZUBA

Kulan na gaskiya ana gauraya shi rabi da rabi da tsaftataccen ruwa, sai in an rubuta a jikin galan cewa a gauraye ya ke. Ƙanƙara ba ta dame mu ba a nan, amma yana da amfani biyu gare mu: yana hana tsatsa, kuma yana ƙara wa ruwa jure zafi. Launinsa kuma yana tona asirin yoyo. Tsohon iri a kan sake shi kamar duk shekara 2, na zamani ya kan kai 5. Kada a gauraya iri biyu don an ga launinsu ya yi kama. A yi hattara da ruwan da anka rina kawai anka ɗura a galan. Na gaskiya yana da santsi tsakanin yatsu. Kada a ɗanɗana shi. Guba ne mai zaƙi, yana kashe ƙoda. A ɓoye shi daga yara, kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a bar shi kwance a ƙasa inda awaki da kaji ke sha.

In ba kulan, ruwan da a ke sayarwa don batir, wanda ba asid a ciki, ko ruwan sama mai tsafta, sun fi na rijiya. Bayan kowane gyara a tabbata an fitar da iskar da ta maƙale a hanya, a sake duba ruwan washegari da safe.

Maganar nan ta shafi tarakta da janareta babba da injin casa na dizal. Mai injin da ke sanyaya shi da ganga, ya duba tiyonsa kamar yadda mai mota zai duba nasa.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Matakalar kuɗin ga yadda ta ke: kilif, murfi, tiyo, watafam, lagireto, gaskit da aikin tof, sa'an nan inji sukutum. Kowane mataki ya ninka na ƙasansa, kuma yoyon da aka ƙyale hawa ya ke yi. Kayan gyara daga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Ikko su ke zuwa, kuɗinsu na bin canjin dala, jiran su kuma yana cin kwanaki. Shinkafa ta iya jira. Tumatir da ɗanyen kifi da albasar da rana ta doka cikin buhu ba su san jira ba.

Don haka, ya kai mai kaya, kafin a ɗora maka buhu ka dubi ƙarƙashin motar. In ka ga jarkoki jere a bayan direba, ka tambaya na sha ne ko na inji. Ya kai mai mota, ka sa wa direbanka doka ya gaya maka ranar da ya fara ƙara ruwa, kuma kada ka yi masa faɗa in ya faɗa, don tsoron faɗan mai gida ke sa direbobi su yi shiru har inji ya buga. Kai kuma direba, kowace safiya kafin ka murza makulli, duba ruwa, duba mai, leƙa ƙasa. A cikin akwatinka kada a rasa kilif biyu, da murfi, da fanbel, da robar ɗauri, da jarkar ruwa mai tsafta.

Allah ya tsare hanya, ya sa a sayar da riba.